Robar da Ta Ƙi Shiga

A cikin tishu ta kawo ta. Ta ajiye a kan tebur, ta buɗe da ɗan yatsa, ta koma gefe tana kallon bango.

Saurayin da ke bayan teburin ya ɗaga abin ya duba a hasken taga. Robar haƙori ce, irin mai garai-garai ɗin nan da ake ba mutum bayan an cire masa wayar gyaran haƙora, don kada su koma yadda suke. Tata duk ta nannaɗe kamar busasshen ganye.

Shi ne mai haɗa robobin a asibitin. Dogo kowa yake ce masa, har likita.

"Tafasasshen ruwa?" ya tambaya.

"Eh."

"Wanke ta kika yi ko dafa ta?"

"Na ga ta yi datti ne."

"Allah ya jiƙanta, ta yi ƙoƙari," in ji shi, yana jiran ta yi dariya.

"Amin," ta ce, ba tare da ta ɗago ba.

Sai da ta tafi mai karɓar baƙi ta ja shi gefe. "Kai Dogo, bakinka! Ba ka tuna matar nan mai fara'a da ke rako ta ba? Ta rasu ana gab da cire wayar."

A gida Auta ake kiranta, a makarantar da take koyarwa kuma Malama. Ummanta ce ta dage a gyara mata haƙora, ita ce kuma ke zama a benci riƙe da jakarta duk ranar da za a matse wayar. Ranar da aka cire, Auta ta dubi madubin da likita ya miƙo mata, ta ga haƙora a jere reras, ta mayar masa da madubinsa. Tun daga rasuwar Umma haka take. Tana ci, tana sallah, tana duba littattafan yara, amma komai kamar ta cikin gilashi take ganinsa.

Da ta dawo karɓar sabuwar robar, Dogo ya wanke hannu har sau biyu kafin ya fito.

"Ki yi haƙuri da maganar ranar nan. Ban sani ba."

"Ba komai."

"Ruwan sanyi kawai, da burushi mai laushi. Ban da man goge baki, yana kankare ta. Za ki ci abinci ko shan shayi, ki cire. In kin cire, ga gidanta." Ya tura mata wani ɗan koren akwati. "Ban da tishu, don Allah. Rabin aikina daga tishu yake zuwa, ana share tebur a haɗa da ita."

"To."

Aikinsa ne ya riƙa tuna wa sababbin masu roba ta saƙon waya. Da farko dai aikin ne.

"Salamu alaikum, Dogo ne daga asibitin haƙori. Roba tana baki ko tana jaka?"

"Jaka."

"Jaka ba ta da haƙora, Malama."

Ta karanta, ta ciro akwatin ta sa robar. Washegari ya sake turowa, jibi ma haka. Sannu a hankali tambayar ta fara zuwa da rakiya: ya yara, an ci abinci, me ya sa masu shiru suke rubuta gajeren saƙo kamar ana sayar musu da haruffa.

Sai ya fara zuwa gidansu da la'asar. Su zauna a kujerun ƙofar falo, shi yana ta zuba, ita tana kallon farin garin da ya maƙale a gefen farcensa, wanda yake zuba samfurin baki da shi. In robar tana bakinta harshenta yakan ɗan karye, don haka da ta ji sallamarsa sai ta cire.

"Mayar da ita, 'yar shiruna. Ni na haɗa ta, ba baƙuwata ba ce."

"Yara dariya suke min."

"Turo min su."

Ta lura yana duƙawa tun kafin ya iso ƙofa. Ta lura in zai faɗi magana mai nauyi sai ya goge tafinsa a gwiwa. Ranar da ya goge har ya gaji, ta san abin da ke tafe.

"Ina so in ga Abba. Kin yarda?"

"To," ta ce.

Abbanta tsohon direba ne, ba mai yawan kwana-kwana ba. Ya saurari Dogo har ƙarshe, Auta tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Yaro, ban ga aibunka ba. Amma ba zan ba ka ba."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Akwai ɗan wani abokina, lauya ne. Shi ma ya nemi izinin ya riƙa zuwa, na tambaye ta, ta ce to. Shekaranjiya na haɗa mata shayi na manta sukari, na ce ya yi daɗi? Ta ce to. Yarinyar nan da take gabanka, a da faɗa take yi da uwarta a kan kalar labule. Yanzu ko falwaya ce ta zo neman aurenta za ta ce to. Ya zan ba da 'yar da ba ta nan?"

Auta tana jin su. Akwai wani zare da ya fito a gefen darduma, shi take ja.

Dogo bai kai gida ba ya turo mata saƙo.

"Da gaske kin ce masa to?"

"Eh."

"Ni fa?"

"Kai ma."

"Auta, kina so na?"

Ta daɗe riƙe da wayar. Ba ta iya yi masa ƙarya ba.

"Ban sani ba. Ba na jin komai. Ba kai kaɗai ba."

"Na gode da kika faɗa min gaskiya. Ki riƙa sa robarki."

Daga nan saƙo ya ɗauke.

Lauya yana zuwa a mota mai sanyi, yana ba ta labarin kotu. Mutumin kirki ne, bai taɓa tambayarta abin da ya fi ƙarfin "to" ba. Koren akwatin ya gangara ƙasan jaka, ƙarƙashin jan biro da guntun alli. Ba ta yanke shawarar daina sawa ba. Babu dai mai tambaya, ita kuma ba ta tuna ba.

Yayarta ce ta gani, wata Asabar da safe da ta zo gaida Abba. Ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske.

"Buɗe baki. Inna lillahi! Na gaban nan ya fara hawa kan ɗan'uwansa. Ke Auta, duk zaryar da Umma ta sha?"

Auta ta shiga banɗaki, ta zazzage jakar ta ɗauko robar. Ta ɗauraye ta ta kai baki. Gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya tsaya a sama. Ta sa manyan yatsu biyu ta danna.

Zafin ya taso daga dasashi ya bi ta hanci ya tsaya a bayan idonta. Ta saki, ta dafa bango. Irin zafin ranar matse waya ne, sak. A irin wannan rana Umma takan tsaya a hanya ta saya mata yogot mai sanyi, tana mita tana cewa, "Sha a hankali, gimbiya, kyau ba ya zuwa a banza." Auta ta buɗe baki za ta kira ta.

Kukan da bai zo ba ranar jana'iza, a nan ya same ta, tsakanin bokiti da kwandon wanki. Yayarta ta zauna a ƙasa ta rungume ta, ba ta ce mata yi shiru ba.

Da ido a kumbure ta fito falo. Abba yana gyaran rediyonsa.

"Abba, ba na son Lauya."

"To," in ji shi, bai ɗago ba.

"Kuma shayinka ba daɗi. Kuma ka kore min Dogo! Shi kaɗai ne yake tambayata abu kullum, ka zaunar da shi ka ce masa daidai yake da falwaya!"

Sai a lokacin ta ji yadda muryarta ta cika ɗakin. Ta toshe baki da hannu.

Abba ya ajiye sukudireba. Ya juyo ya dube ta.

"Ƙara faɗa, uwata. Ɗaga murya sosai, kunnen nan ya tsufa."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Dogo saƙo.

"Ta ƙi shiga. Na danna, ta yi min ciwo."

Amsa ta zo nan take, kamar dama wayar tana hannunsa.

"Kar ki ƙara dannawa. Ki kawo ta likita ya gani."

"Za ka kasance a wurin?"

"Aikina ne."

"Ba don aiki nake tambaya ba, Dogona."

Likita ya yi faɗa sosai, sannan ya ce Allah ya taimake ta abin bai yi nisa ba, amma sai ta koma sa roba dare da rana na wani lokaci. Ya fita ya bar su da ɗaukar sabon samfuri. Dogo ya kwaɓa garin ɗaukar samfurin ya cika tiren da ake sawa a baki, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Tsaya," ta ce. "In ka sa min wannan ba zan iya magana ba."

Ya tsaya.

"Ban warke ba. Abin yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Amma duk sanda aka kawo, kai nake fara gani. Na yi kewarka har na yi wa Abba rashin kunya."

"Abba? Ke?"

"Har da shayinsa."

Ya yi dariya har ya juya baya yana share ido da kafaɗa. Abin da ya kwaɓa ya daskare a tiren, sai da ya sake wani.

Abba da kansa ya je ya ba abokinsa haƙuri. Aka ɗaura aure bayan an yi hutun makaranta, ba taro mai yawa ba. A wajen hoto Auta ta cire robar ta miƙa wa ango, ya sa a akwatin ya jefa a aljihun gaba.

"Ana gamawa za ta koma," ya raɗa mata.

"Yau ma?"

"Yau ma, amarya."

Da za su tafi, Abba ya riƙe ƙofar motar ya ƙi saki. Ya leƙa ya dubi 'yarsa, ya dubi Dogo da ya naɗe ƙafafu da ƙyar a kujera.

"Akwai ranakun da za ta yi shiru, kar ka tsorata, ka zauna kusa da ita kawai. Ke kuma in ya ɓata miki rai ki faɗa masa har maƙwabta su ji. Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku tsufa tare. Allah ya kai haske kabarin wadda ba ta ga wannan rana ba."

"Amin, Abba," in ji Auta, hawaye yana bin kumatunta. "Sakar mana ƙofar, kai ma kukan kake yi."

Ya saki, ya rufe musu da hannunsa.