Rigar Malam a Jikin Azzalumi

"Tayyiba! Wa ya fitar da rigata daga gidan nan?"

Tsintsiya ta suɓuce daga hannunta. Mahaifinta, Malam Sodangi, yana tsaye a bakin zaure, fuskar nan babu annuri.

Ta san zancen sarai. Saurayinta Ashafa, ɗan Batsari, ya shirya fim a kan wani mai iko da ke ƙwace gonakin talakawa, har wata yarinya ta tsaya gabansa ta ce ba ta yarda ba. Babbar rigar da azzalumin zai sa suka rasa. Ita kuwa uwar soyayya, sai ta zaro shuɗiyar rigar Juma'ar Malam daga akwati ta ara musu.

Fim ya fito, masu sharhi a rediyo suka yi ta yabo. Amma a garinsu Safana wa ya damu da labarin? Rigar aka kalla! Kowa ya san aikin wuyanta a sahun gaba na masallaci. Jafaru, wanda ta ƙi tun bara, ya bi majalisa-majalisa yana cewa ai da Malam ake.

"Yaron nan Ashafa ya zo," in ji Malam. "Wai shi ya karɓo ta wurin mai wanki. Na ce ya manta da ke."

Ta tuna muryar Ashafa a waya: "Ki yi shiru, sanyin idona... Gara a zage ni da a zage ki."

Kunya ta rufe ta, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba... ƙarya ya yi don ya rufa min asiri. Ni ce."

Malam ya dube ta.

"Na sani. Rigar nan ba ta taɓa zuwa wurin mai wanki ba."

Ta ɗago a razane.

"Na kalli fim ɗin har ƙarshe. Jira nake in ga ko 'yata tana da zuciya irin ta yarinyar ciki."

"Ka yafe min, Baba..."

Ya juya mata baya.

"Ni kam na gama sa rigar nan. Ki ce masa ya zo ya ɗauka. Da ita zai zo ɗaurin aurenku, ya zauna gaban mutanen Safana, shi ma ya ji yadda kallo yake."