Yatsu Huɗu a Akwatin Anga

Ranar Litinin da hantsi, a bakin ofishin rajistar jiragen ruwa na Rasul Bar, a gaɓar tekun Masar, ma'aikaci ya goga farce a kan lambar jirgin Malam Wagdi, sai fenti ya ɓantare. Ya buɗe babban littafi, ya duba sau biyu. Lambar ta wani jirgi ce da ya ƙone ƙurmus shekara uku da suka wuce.

Malam Wagdi tsohon malamin lissafi ne, rabin garin nan ta hannunsa muka bi. Sati biyu ke nan da ya sayi jirgin don yawo da jikokinsa, ya zo a mayar da takardu da sunansa. Yanzu ga shi tsaye da jaka a hamata, mutane na leƙensa. Wallahi abin tausayi.

Sufeto Ra'afat na 'yan sandan ruwa ya sa aka ja jirgin tudu. Ya kankare shuɗin fentin da wuƙa, fari ya fito. Ya ƙwanƙwasa goshin jirgin, ya ji inda aka yi faci. Nan take ya aika aka ɗauko wani ɓallin farin roba da ke ajiye a ofishinsa. An ciro shi ne daga kwalekwalen Abdul'aɗi masunci, wanda wani jirgi ya banke cikin hazon safiya shekara biyu baya, ya tsere ya bar shi a ruwa. Ɓallin ya dace da facin, ko gashi bai rage ba.

"Malam, jirginka ya kashe mutum," in ji Sufeto.

"Innalillahi! Ranka ya daɗe, ni ko tuƙi ban gama koya ba."

"Na ji. Amma a hannunka na same shi, da lambar jabu. In ban samo mai shi ba, kai za ka tsaya gaban alƙali."

Sufeto ya fara da dillalin da ya sayar wa Malam jirgin, wani Fattuh mai surutun tsiya.

"Daga ina jirgin?"

"Wani direba ya jawo shi da mota, da takardunsa. Na biya, ya tafi."

"Ka duba takardun?"

"Haba yallaɓai, in na tsaya duba takarda yaushe zan ci abinci? Mai saye ne ke dubawa."

"Ina kake bara waccan?"

"Libiya, ina dakon siminti."

Hatimin fasfonsa ya gaskata shi. Sufeto ya rubuta masa laifin cinikin takardar jabu, ya cire shi daga maganar kisa.

Sai ya haye kogi zuwa Izbatul Burji, ya taho da tsohon gwanin gyaran jirgi, Usta Garib, wanda duk facin jirgin yankin nan ake jingina masa. Tsohon ya ɗaga murfin akwatin anga, inda ake ajiye ƙarfen tsayar da jirgi, ya zura kai, ya fito yana tofar da yawu.

"Ni za ka ci wa mutunci? Wannan aikina ne?"

"Na waye?"

"Na mai kujera! Dubi katakon da ya tokare facin da shi, na gadon amare ne. Dubi haɗin, ba ƙusa ko ɗaya, kamar aljihun tebur. Aiki ya yi kyau, amma ba mai jirgin da zai sa katakon nan kusa da ruwan gishiri."

Kafinta ke nan. To, a nan yankinmu na Dumyaɗ ai kowane gida da kafinta. Sufeto ya ɗauki tocila ya leƙa akwatin da kansa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya aika a kira Malam Wagdi.

"Malam, kai da ka hana ni maki don ban nuna yadda na samo amsa ba, yaya ka sayi jirgi ba ka zo an duba lamba ba?"

"Na yi niyya, ɗana. Har na rubuta a takarda: rajista, lambar jiki, lambar inji. Sai aminina Alhaji Subhi ya ce in bari."

"Me ya ce?"

"Ni na roƙe shi ya raka ni, don ya taɓa riƙe jirgi. Ya ce, 'Wagdi, mutum ya ba ka shayi ka ce sai ka kai takardarsa ofis? Cin fuska ne. Ku karanta Fatiha kawai.' Shi ya haɗa hannuna da na Fattuh, ya ɗora nasa a sama."

"Ina nasa jirgin?"

"Ya ce ya sayar a Bur Sa'id, likita ya hana shi teku."

"Yaushe?"

"Bara waccan."

"Mece ce sana'arsa?"

"Kafinta ne," in ji Malam Wagdi. Sufeto ya miƙa masa tocilar.

Mu nan in mutum ya tsallake wani bala'i da mota ko jirgi, rago yake yankawa, ya tsoma tafi a jinin ya manna a jikin abin, ya raba naman. A bangon akwatin, can inda rana ba ta kaiwa, ga tafin hannun dama ya bushe ya yi baƙi. Yatsu huɗu ne, babu manuniya.

"Rabin kafintocin garin nan zarto ya ci musu yatsa," in ji Sufeto a hankali. "Ba sai ka ce komai ba."

"Ni na kai Subhi asibiti ranar da zarto ya ci nasa," in ji Malam Wagdi. "Da yatsan a hankicina."

A shagon Alhaji Subhi suka same shi bayan azahar. Alhaji Subhi ya ga Sufeto, ya ga amininsa a baya, sai ya ajiye kofin shayi.

Sufeto bai ɗaga murya ba. "Ka banke Abdul'aɗi cikin hazo, ka gudu. Ka ji tsoron kai jirgin wurin masu gyara, ka yi facin da kanka da katakon shagonka. Ka canza fenti, ka sayi takardun jirgin da ya ƙone, ka sa direba ya kai wa dillali. Duk ka rufe ƙofa. Amma ka yanka rago, ka sa hannu."

"Ban gan shi ba, wallahi," in ji Alhaji Subhi. "Da na waiwaya hazo ya rufe. Ragon kuwa, gidansa na aika da naman. Matarsa har addu'a ta yi mini."

Tir! Ko Sufeto sai da ya kau da kai.

Alhaji Subhi ya juya ga amininsa. "Wagdi, ban yi nufin jirgin ya faɗo hannunka ba. Da na gan shi wurin Fattuh, nan take na gane shi. In ka je ofis kafin ciniki, za a tsananta bincike. Na ɗauka bayan an saya, hatimi kawai za su buga."

"Da ka ce mini kada in saya, Subhi. Kalma ɗaya. Da ban tambaye ka dalili ba."

"Na sani."

"To me ya hana ka?"

Alhaji Subhi ya sunkuyar da kai. "Na ga ka so shi. Ni kuma na ce a raina, in yana hannunka ba mai zarginsa."

An wanke Malam Wagdi a ranar, jirgin kuma hukuma ta riƙe. Da za a fita da Alhaji Subhi, ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo wa amininsa hannu, kamar yadda suka saba rabuwa shekara arba'in. Malam Wagdi ya dubi yatsun nan huɗu. Ya gyara jakarsa a hamata, ya riƙe ta da hannu biyu.