Maɓallin Gefen Hagu

Kwana tara ke nan matar nan tana kallon hannun 'yarta na hagu, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta zuba mata abinci, idonta na kan hannun. Ta tashi salla, hannun ne a ranta.

Mijinta mai buga wa mutane takardu ne a bakin kotu. Shekara bakwai kafin rasuwarsa ciwo ya shanye masa hannun hagu. Bai bar sana'ar ba. Ya yi mako guda a tsakar gida da laftof ɗinsa yana sauya wa maɓallai aiki, ya kwaso na hagu ya tara su inda yatsun damansa za su kai. Guda ɗaya kawai ya bari a ƙarshen gefen hagu, wanda ake riƙewa in ana son babban baƙi.

Da ya rasu, 'yarsu tilo, wadda kowa ke kira 'Yar Baba, ta gaji laftof ɗin, don wani ofis ya kira ta gwajin aikin sakatariya. Ta buɗe, ta rasa gane kansa. Ta danna kwafa, ya goge. Ta nemi waƙafi, alamar tambaya ta fito.

"Umma, Baba ya birkita abin nan kamar ɗakinsa," ta ce tana dariya.

Uwar ce da kanta ta kai wa mai gyara. Bai yi minti goma ba ya mayar da komai yadda aka ƙero shi. "Hajiya, wanda ya yi wannan saitin, ko dai gwani ne ko mahaukaci."

Ran nan da magariba ta kawo kai, kaji sun shige, unguwa ta yi tsit, dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin. Na biyu ya faɗi gaban tabarmar da 'Yar Baba ke zaune. Uwar ta leƙa waje, babu kowa. Ta dawo ta tarar da yarinyar ta ƙura wa allon ido, hannunta na hagu ya zube a cinya kamar tsumma.

Kwana uku duwatsu na sauka a lokaci guda. A na huɗu yarinyar ta fara magana da muryar da ba tata ba, sai aka ɗauko malamin da ke ruƙiyya a bayan kasuwa. Ya zo bayan la'asar, ya zauna nesa kaɗan, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gidan.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Abokin aikin mai gidan nan." Muryar ta tsoho ce, a gajiye. "Shekara bakwai ina zaune a hagunsa. Shi ya buga, ni in riƙe masa maɓalli. An tashe ni daga mazaunina, ko sallama babu."

"Wa ya ba ka izinin zama?"

"Wuri na gani babu kowa." Kan yarinyar ya juya a hankali ya fuskanci uwar. "Ke ya fara roƙo. Ya ce, zo ki riƙe mini wannan guda ɗaya. Kika ce kina da wanki. Washegari kika ce ke ba ki yi bokon ba. Rana ta uku bai sake tambaya ba."

Uwar ta tuna wankin. Har launin bokitin ta tuna. Ita da ta yi jinyarsa, ta ɗaga shi ta kwantar, ta wanke abin da ba ya faɗuwa, sai ga shi a kan yatsa ɗaya da ta hana shi ake riƙe da ita.

"Ba shari'a muka zo yi ba," malam ya katse shi. "Yarinyar ba ta yi maka komai ba. Fita."

"A mayar da maɓallan yadda ya bar su. Kada a sake taɓa su."

"Wa ya san yadda suke?" in ji malam.

Muryar ta yi wata 'yar dariya. "Ka tambayi matarsa mana."

Sai da aka kirawo mai gyara. Ya zauna, muryar tana faɗa masa ɗaya bayan ɗaya: wannan ya koma can, wancan ya karɓi aikin wannan, na ƙarshen hagu a bar shi. Da ya gama, yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kife. Ta farka tana neman ruwa da muryarta. Tun ranar dutse bai sake faɗowa ba.

Malam ya ce aljanin ya tafi. Daga jikinta dai ya fita.

Amma yanzu 'Yar Baba da hannun dama kaɗai take bugu, da sauri irin na ubanta, hagun na kwance a cinya, manyan baƙaƙe kuma suna fitowa inda ya dace. Hannun yana ɗaukar tulu, yana tsefe kai. Amma an gwada ta a kwamfutar maƙwabta, hagun ya ƙi tashi.

Jiya uwar ta ja kujera ta zauna a hagunta. "Kawo in riƙe miki."

"Bar shi, Umma, ba kya iyawa."

Duk da haka ta miƙa yatsa. Ta tarar da maɓallin a danne, da ɗuminsa.

Gwajin ranar Litinin ne, kuma kwamfutocin ofis hannu biyu suke so. In ta mayar wa mai gyara, duwatsu za su dawo, wataƙila da abin da ya fi duwatsu. In ta bari, 'yarta ta gaji hannun ubanta tana da shekara ashirin da biyu. Ku da Allah ya ba sani, don Allah ku faɗa wa matar nan: ta kai, ko ta bari?