Marsiyyar Kyauta

Da hantsi Ma'u ta fara tsayawa a ƙofar zauren Malam Attahiru a Wurno, a shekarar da ake ta kwasar samari zuwa yaƙin Bama. Malam ba ya nan. Ɗansa Shittu ne zaune kan buzu tsakanin alƙaluman kara da kurtun tawada. Sana'ar gidan ke nan tun kakanni: a kawo musu littafi ko waƙa, su juya da kyakkyawan hannu, su ɗinke cikin fata.

Shittu ya san ta da labari kamar kowa. Ita ce malamar da aka turo daga Sakkwato ta koya wa 'yan mata boko, wadda ake cewa ba ta iya sunkuyar da kai ba.

Ta gaishe shi, ta ce marsiyya ta yi wa kakarta da ta rasu a Goronyo, saura kwana goma sadakar arba'in. Da boko ta rubuta, matan can kuwa ba mai karanta shi, ajaminta kuma kamar tonon kaza yake. So take a juya mata.

Ya karɓi littafin da ta miƙo masa, ya juya shi sama da ƙasa, ya yi murmushi.

"Sai dai ki karanta ina rubutawa, Malama. Waɗanga ƙugiyoyin naku ban san gabansu da bayansu ba."

Ya tsoma alƙalami. Bisa ƙa'idar gidan, kafin baiti na farko sai an rubuta sunan mamaci da na ubansa. Ta ce sunanta Kyauta.

"Ɗiyar wa?"

"Ba a sani ba."

Ta faɗa masa ba tare da ta rage murya ba. An kamo kakarta tana yarinya daga wata ƙasa ta kudu, aka ba wani attajiri ita kyauta, sunan ya bi ta. Ta tsufa kafin alƙali ya ba ta takardar 'yanci, takardar da ba ta iya karantawa ba. Ita ta yi renon Ma'u bayan mutuwar iyayenta. Kwana biyu kafin ta cika ta riƙe hannunta ta ce, "Ke da kika yi karatu, ran tashi da wane suna za a kira ni? In anka kira wanda innata ta raɗa min, ba ni gane shi."

Shittu ya ce a hankali, shi dai a saninsa malamai da alƙalai ake yi wa marsiyya. Ma'u ta ce mutuwa ba ta tambayi wannan ba da ta zo. Sannan ta fara karantawa.

*Kyauta suka ce, ba su tambaye ta ba,*
*Sunan da uwa ta raɗa bai iso nan ba,*
*Ta daka, ta niƙa, ba ta durƙusa ba,*
*Ta tafi, ba da igiyar kowa ba.*

Tawada ta bushe a bakin alƙalaminsa bai sani ba. Sai da ta ce masa, "Rubuta mana."

Kwana uku tana zuwa bayan an tashi makaranta, tana tsaye daga waje, yana rubutu daga ciki. Da aikin ya ƙare, Habi mai kitso, wadda take shiga gidajen garin duka, ta kawo wa Ma'u takardun, da wata ƙarama a naɗe a tsakiyarsu.

*Zuwa ga Malama mai ƙugiyoyi. Bayan gaisuwa, ga juyi uku. Baiti na huɗu ya hana ni cin tuwo. In akwai wata waƙa ki kawo. In babu, ki nemo dalili. Shittu.*

Ta yi kwana biyu kafin ta ba da amsa, da ajaminta mai karkata.

*Mai tawada, ka ci tuwonka. Waƙa ba ta zuwa don an kira ta. Ran Laraba zan bi ta lungunku, ba don kai ba, hanya ce.*

Ba hanyarta ba ce, kuma duk lungun ya sani.

Haka damina ta wuce, aka yanke shinkafa a fadama. Ya koyi baƙaƙen boko goma sha biyu har ya iya rubuta sunanta, ita kuma hannunta ya fara miƙewa. Yana kiranta Ƙugiyata, tana cewa sunan ba daɗi, amma ba ta taɓa hana shi ba.

Da Shittu ya kai magana gaban mahaifinsa, Malam Attahiru bai yi faɗa ba. Ya ce boko zai iya kawar da kai a kansa, zamani ne ya zo da shi. Amma an ce yarinyar jikar baiwa ce, shi kuwa ba zai bari a nuna jikokinsa da baki a garin nan ba. Mahaifiyar Shittu ta ƙara da cewa ga Indo ɗiyar baffansa, kowa ya san asalinta har kaka bakwai.

Bayan kwanaki Malam ya ce a kawo masa marsiyyar nan da yake jin mata suna rerawa a bayan katanga, ya gani da idonsa.

Shittu ya zauna da farar takarda tun daga walaha har azahar. Yana son Ma'u, yana tsoron ubansa, kuma alƙalami yana hannunsa. A kan takardar ya rubuta: Kyauta ɗiyar Malam Abdulƙadiri na Gandi. Ya sauya baiti biyu na farko, ya mai da ita 'yar gidan karatu da maraici ya kai Goronyo. Ya ce a ransa layi uku ne kawai, in an ɗaura aure zai faɗa mata su yi dariya.

Malam ya karanta, fuskarsa ta saki. Ya ce ashe sharri ne mutane suke yi wa yarinyar. Waƙar ta burge shi har ya sa masu ɗaukar karatu a wurinsa suka juya ta, kowa ya tafi da tasa.

Ma'u ba ta san komai ba sai ranar wani suna a unguwarsu. Wata tsohuwar malama ta zaro takarda ta fara rera marsiyyar, mata suna amshi. Ma'u ta ji karin nata ne, kalmomin ba nata ba. Kafin ta farga an kewaye ta ana dafa ta, ana cewa ashe jinin malamai ce ta ɓoye.

Ta miƙe a tsakiyar tsakar gidan, ta ce kakarta baiwa ce, ba ta da uba a Gandi, wanda ya rubuta wannan ya yi mata ƙarya. Ta rera baitocin yadda ta yi su. Ba wanda ya yi amshi.

Daga nan ta wuce zauren. Shittu yana ganin fuskarta ya ajiye alƙalami.

"Don ke na yi, Ma'u. Baba ya yarda. Jibi za a tahi Goronyo neman aure."

"Wa za a nema?"

"Ke mana."

"Jikar Malam Abdulƙadiri za a nema. Ban san ta ba." Muryarta ba ta tashi ba. "An sace ta tana yarinya, an canza mata suna. Ta yi shekara saba'in tana haƙuri. Kai kuma ka bi ta har kabari ka sake canza mata. Abu guda ta bari nata, gaskiyar abin da anka yi mata, shi ka ɗauke."

Ya ce ta tsaya ta ji. Ta ce ta ji, ta juya.

Abin da ya biyo baya ba mai sauƙi ba ne. Kafin sati ya zagayo, 'yan matan ajinta sun ragu daga goma sha tara zuwa shida. Iyaye suka ce da ma boko ne suke haƙuri da shi, balle a hannun wadda take shelar bauta a gidan suna. In ta bi ta kasuwa sai a yi shiru, in ta wuce a ci gaba. Ma'u ba ta sauya hanya ba, ba ta makara ba ko rana ɗaya. Ta share ajin, ta koyar da shidan kamar su ɗari ne.

Da aka yi hutu ta tafi Goronyo wurin kawunta Lauwali, masunci, ɗan Kyauta na ƙarshe. Ta ɗauka shi zai fahimta. Ya bar ta ta gama, yana ɗinkin taru, sannan ya ce shi da an bar masa uban nan na Gandi da ya karɓa hannu biyu. Shekara arba'in yana shan gori a bakin gulbi, ita ta yi boko ta zo tana alfahari da abin da suke rufewa. Ta ce, "Kawu, ba ita ta yi abin kunya ba. Waɗanda sunka kama ta su sunka yi." Ya tura mata kwanon kifi.

A hutun ne Ɗanasabe, akawun wani kamfanin sayen fata, ya aiko yana so. Mutum ne mai kirki. Ya ce za a mai da shi Gusau, can ba wanda ya san ta, sai ta fara sabuwar rayuwa. Ta gode masa, ta ce ba ta neman inda ba a san ta ba.

Takardun Shittu uku Habi ta kawo mata har Goronyo, uku ta mayar ba a buɗe ba. Daga baya Habi ta daina kawo takarda, ta fara kawo labari.

Ta ce ran Juma'a, zaure cike da mutane, Shittu ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗi abin da ya yi. A gidan masu juyi ba laifin da ya kai wannan, a ba ka amanar magana ka sauya ta. Malam Attahiru ya karɓe wuƙar fiƙe alƙalami daga hannunsa, ya ba ƙanen Shittu buzun. Shittu bai roƙa ba. Ya ɗauki sanda ya bi takardun ƙaryar guda goma sha ɗaya inda duk suka tafi, Rabah, Tursa, har Gandi, inda wani gida ya riga ya fara cewa ai Kyauta gwaggonsu ce. Wani tsoho a Rabah ya ƙi ba da tasa don rubutun ya yi masa kyau, sai da Shittu ya yi masa kwana huɗu yana noma.

Malam kuwa ya sa aka nemo masa ta gaskiyar. Ya karanta, ya rufe zaurensa kwana biyu. Da ya buɗe ya ce wa amininsa, shekara talatin yana rubuta marsiyyar manya, baiwar gidansu da ta goya shi a baya kuwa bai san sunanta na yanka ba, bai san inda aka binne ta ba. "Na ƙi yarinyar ga don gaskiya, na karɓe ta don ƙarya. Duka biyun ni za a tambaya."

Wata rana da la'asar Shittu ya iso Goronyo. Ya tarar da Ma'u a bakin gulbin Rima tana wanke tukwane. Ya rame, ƙafafunsa sun tsage, yatsunsa babu ɗigon tawada. Ya ajiye takardun goma sha ɗaya a gabanta, ya ce ta yi yadda take so da su.

Ta dube su, ta dube shi.

"Buzun fa?"

"Ya tahi. Albasa zan dasa bana."

"Ba ka iya ba."

"Boko ma ban iya ba, na koyi goma sha biyu."

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta. Ta share da bayan hannu, ranta a ɓace da suka zo a gabansa.

"Ba ni iya yafe maka a madadinta, Shittu. Ba ni da wannan ikon."

"Na sani."

"Nawa dai na yafe."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ƙugiyata." Ta ce har yanzu sunan ba daɗi.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a ƙofar gidan Lauwali. Ba a cika ba. Mahaifiyar ango ta ce ciwon ƙafa ya hana ta, dangin Indo ba su zo ba, abokan Malam da yawa suka sami uzuri. Masunta ne suka cika tabarmin, da iyayen 'yan matan nan shida na ajinta. Malam Attahiru ya zo kan jaki, ya zauna kusa da Lauwali, gwiwa da gwiwa.

Da aka gama sigar aure, sanƙira ya miƙe zai yi shela. Kamar yadda suka saba, ya cika baki ya fara jero wa amarya kakanni: jikar malamai, jikar masu gari.

Malam Attahiru ya ɗaga hannu.

"Hwaɗi abin da anka sani."

Sanƙira ya dubi Lauwali. Lauwali ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ɗago, ya faɗi sunan mahaifiyarsa da bakinsa, a gaban mutanen da suka yi shekara arba'in suna yi masa gori.

Daga bayan zana, inda take zaune cikin lulluɓi, Ma'u ta ji muryar sanƙira ta tashi har ta haye gulbi.

"An ɗaura auren Shittu ɗan Malam Attahiru da Ma'u, jikar Kyauta!"

Malam ya buɗe hannuwa. Ya roƙa wa ma'auratan zaman lafiya da zuriya mai faɗin gaskiya, ya roƙa wa tsohuwar rahama da sunan da Mahaliccinta ya san ta da shi. Masunta suka ce amin. A cikin gida Ma'u ta shafa, ta daɗe ba ta sauke hannuwanta daga fuska ba.