Ruwan Agusta a Bakin Abhur

"Kowa ya kwanta! Yalla!"

Mutum ɗaya ne a ɗakin, kuma dama a kwance yake. Sa'ud mai sayar da zinariya ya dubi bindigar Majid, ɗan fashin da ya yi tsawar, ya nuna akwatin zinariyar da ƙafa.

"Ku ja ƙofa in za ku fita. Sanyi na tserewa."

Azahar ce ta watan Agusta, Jidda duk tana barci. A bayan gidan, Abdulghani na zaune cikin jirgin ruwa, inji na aiki. Shekararsa hamsin da takwas, haifaffen unguwar Ruwais, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, tun da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya rasu. Kakansa ya zo hajji a ƙafa daga Najeriya, ya ƙare da jigilar alhazai a kwalekwale, zamanin da manyan jirage ke tsayawa can nesa don tsoron duwatsun murjani. Gadon ke nan: sanin ruwa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, a kama shi a tura shi Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Musaddiq, shugaban tafiyar, injiniyan da kwangila ta kawo daga Legas, ya yi masa alkawarin iƙama.

Abhur mashigi ne siriri da Bahar Maliya ta kutso da shi cikin gari. Tsakiyarsa akwai zurfi, amma nan masu tsaron gaɓa ke zama. A gefen bakinsa akwai wata 'yar kafa bisa murjani. A watan Janairu Abdulghani ya bi da su ta nan sau uku, sumul.

Musaddiq ya diro cikin jirgin, Majid na biye da akwati.

"Baba, sauka," in ji Musaddiq.

Bindigar ta juyo. Abdulghani ya dube ta.

"Wa zai ja ku?"

"Na haddace hanya. Na duba a waya, hawa da saukar ruwan Jidda a yini bai wuce taƙi ba. Wannan ba teku ba ce, baho ne."

"Iƙamar fa?"

"Halas, an gama, Baba. Je ka yi sallah."

Abdulghani ya buɗe baki, ya rufe. Wayar ba ta yi ƙarya ba, na yini ta faɗa. Na shekara ne ba a tambaye ta ba: in zafi ya shigo, iskar arewa kan kora ruwan kudu, tekun ta sauka kusan kamu guda, sai da hunturu take dawowa.

"Fi amanillah, ya waladi," ya ce, ya sauka.

Jirgin ya zabura. Minti huɗu. Biyar. Ga kafar—

Ƙarrr! Ƙasan jirgin ya dare, farfela ta tashi sama!

"Tura! Sauka ka tura!" in ji Musaddiq.

Majid ya dira. Ruwa iya gwiwa, murjani kamar reza.

"Wayyo ƙafata! Kai ka ce ka haddace, ɗan boko!"

Can a tsakiyar mashigi, Turki, hafsan masu tsaron gaɓa, ya sauke tabaron hangen nesa.

"Mu bi su, ranka ya daɗe?" in ji direbansa.

"Su je ina? Bari in gama shayi."

Kafin a kai su tudu, Musaddiq ya ba da sunan Abdulghani, da unguwarsa, da launin ƙofarsa.

Shekarun da alƙali ya yanka wa Musaddiq da Majid, sai da suka nemi a maimaita musu. Sa'ud ya karɓi zinariyarsa, yana ƙorafin an bar masa ƙofa a buɗe. Abdulghani ya yi shekara uku a gidan yari, sannan aka ɗora shi a jirgin sama.

A Kano mai tasi ya ce, "Ina muka nufa, Alhaji?"

"Bakin teku."

"Ai babu teku a nan. Sai dai kududdufi, shi ma sai da damina."

"Da rani yana janyewa?"

"Ƙwarai."

Abdulghani ya gyara zama.

"Kai ni can. Wannan na san halinsa."