Mai Buhu a Katangar Sharada

Ran Musbahu mai zane ya gama ɓaci. Shi ya zana jerin ma'aikata a katangar wani kamfanin roba da ke Sharada, kuma kamar yadda ya saba, bai yi wa kowa ido ba, don kada a lahira a ce ya busa musu rai. Amma kullum da safe sai ya tarar an ɗiga wa na ƙarshen layi, mai ɗauke da buhu, idanu da gawayi. Ya shafe, a mayar.

Rannan bayan isha'i ya laɓe a bayan wata tirela da gora a hannu, yana huci. Can sai ga mutum a gindin katangar, ya ba shi baya.

"Kai, ɗan iska! Ubanka ne ya sayi fentin? Yau sai na karya hannun da ke ɓata min aiki!"

Mutumin ko gezau. Warin ɗanyen fenti ya cika wa Musbahu hanci, alhali aikin ya daɗe da bushewa.

"Kai ka ɗora min buhu," in ji mutumin da wata murya a shaƙe, kamar daga cikin bulo, "ka kuma hana ni ganin inda zan sauke."

Musbahu ya haska katangar da fitilar waya. Ƙarshen layin wayam, sai siminti. Mutumin ya juyo a hankali, guntun gawayi a hannunsa. Fuskarsa a shafe take, har da sawun buroshin Musbahu na safiyar ranar.