Marainiyar da Ta Rufe wa Sarki Ƙofar Jidda

Rana ta kai tsakiya, ƙarfen ƙofar siton ya yi zafin da ba a iya dafa shi, amma Saudatu tana manne da shi ta ciki, mabuɗi a damƙe a hannunta, hawaye da gumi sun haɗu sun jiƙa niƙabinta. Kwana arba'in kenan da aka binne mahaifinta, Malam Haladu. A waje, kan titin unguwar Waziriyya a birnin Jidda, motoci uku ne suka tsaya, kuma wanda ya sauko daga ta tsakiyar ba kowa ba ne face Sarki Usuman, shugaban zumuntarsu ta zuriyar mahajjata, wanda ya taso tun daga Makka domin wannan ƙofa.

"Ke 'yar Haladu, buɗe!" in ji wani daga cikin 'yan rakiya. "Sarki ne da kansa, yalla, yi sauri!"

"Ranka ya daɗe, ka yafe mini..." Saudatu ta amsa daga ciki. "Abbana ya ce kada in buɗe wa kowa sai mai kaya a ciki. Wallahi ba raini ba ne, amana ce."

Kaico! Yarinyar da ko kallon idon babba ba ta iya yi, ita ce yau ƙaddara ta tsayar tsakanin sarki da ƙofa. Sarki Usuman ya tsaya a rana har gumi ya keto masa, sannan ya juya ya shiga mota, kowa kuma ya san juyawar nan ta fi zagi ciwo.

Asalin maganar tsohuwar rigima ce. Zumuntar nan tana da sarki a Makka, tana da majalisar dattawa ƙarƙashin Shaikh Hamad, kuma sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Ba su yi faɗa kan Makka ba, ba su yi kan Madina ba, Jidda ce kowa ya sa wa ido, domin ita ce bakin teku. Duk kayan da 'yan zumunta za su aika gida ta jirgin ruwa, ko Bor Sudan ko Legas, sai sun kwana a siton Jidda, saboda haka wanda ya riƙe siton shi ake yi wa sallama. Da hukuma ta rushe Karantina, unguwar da suke zaune a Jidda, mutane suka watse, wasu Bahra, wasu Madina, wasu aka mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba, kowa ya kawo akwatinsa ya damƙa wa Malam Haladu ajiya. Shekara talatin yana riƙe da mabuɗin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Da ciwon ajali ya kama shi, bai kira ƙaninsa Mazen ba, 'yarsa tilo ya kira ya damƙa mata mabuɗin.

Bayan kwana biyu da korar sarki, Shaikh Hamad ya iso da dattawa shida, fuska cike da fara'a, yana ta sa mata albarka. A zatonsa yarinyar tasu ce. Da ya miƙa hannu ya ce ta ba majalisa mabuɗi, sai ta durƙusa ta faɗa masa abin da ta faɗa wa sarki, kalma ba ta canza ba. Nan take fara'ar ta ɗauke. Ka ji halin manya! Jiya ita ce jaruma, yau ta zama marar kunya, a mako guda ta yi maƙiya biyu da ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba sai a kanta.

A nan Baffa Mazen ya samu ƙofar da yake nema. Ubansu ɗaya da Malam Haladu, amma shi a Jidda aka haife shi, a cikin Larabawa ya tashi, Hausarsa ma sai ya haɗa da Larabci take tsayawa, al'adun gida kuwa dariya suke ba shi. Burinsa ɗaya a duniya, a naɗa shi wakilin Jidda. Da safe yana Makka yana gaya wa sarki cewa majalisa ce ta zuga yarinyar, da la'asar yana gidan Shaikh Hamad yana rantsuwa cewa sarki ya saye ta. Da ya ga wutar ta kama, sai ya jefa maganar da ta fi duka dafi: ai ba amana ce ta hana ta buɗewa ba, kayan mutane ta sayar, tsoron a gani take yi.

Maganar ta zaga Waziriyya kafin a yi sallar magariba. Matan da suka yi wa uwar Saudatu wankan jego lokacin da aka haife ta suka fara tsuke jaka in ta wuce. Ta je gidan baffanta tana kuka, ta faɗi a gabansa ta riƙe ƙafarsa.

"Ya ammi, baffana, kai ne ubana yanzu. Me na yi maka?"

"Halas, ya isa haka, ya binti, ki bar kukan nan." Ya janye ƙafarsa. "In kina da gaskiya ki buɗe a gaban kowa, ba shike nan ba?"

Ta yarda, domin ta san abin da ta rufe. Ranar Asabar da hantsi wakilan sarki da na majalisa suka hallara, ta sa mabuɗi da bismilla ta tura ƙofa... Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Can lungun baya, akwatunan ƙarfe biyar ne a ɓalle, murafensu a wangale, babu komai a ciki sai tsummokara da ƙwayoyin kafur. Saudatu ta dubi akwatunan, ta dubi mabuɗin da ke hannunta, ta zube a kan siminti. Ba wanda ya yayyafa mata ko ruwa. Baffa Mazen ne ya fi kowa ɗaga murya da salati, har yana share ido da gefen mayafinsa.

Musiba ba ta tsaya nan ba. Saudatu tana ɗinkin abaya ne a shagon wani Balarabe mai suna Abdulelah a unguwar Bagdadiyya, shi ne kafilinta da ya tsaya mata a wurin hukuma, iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, a hannunsa take. Mutumin ba mugu ba ne, amma yana tsoron abin da zai taɓa sunan shagonsa. Da labari ya kai masa, ya kira ta ya miƙo mata almakashinta a cikin leda.

"Ban ga kin taɓa ɗaukar ko zare ba, ya Saudatu, amma mutanenki ne ke faɗa, har da baffanki. Sun ce za su zauna a kanki ƙarshen wata. In sun wanke ki, ki dawo kan kekenki. In ba su wanke ki ba, zan yi miki takardar fita ta har abada, ba ni da yadda zan yi."

Fita zuwa ina? A Karantina aka yanke mata cibi, a Jidda aka binne ubanta, ƙasar da ke rubuce a fasfonta ko a mafarki ba ta san kamanninta ba. Ta taka da ƙafa har tashar mota tana kuka, mutane suna ratse ta kamar ba mutum ba.

A gida kuwa mahaifiyarta, Umma Jamilatu, tana kwance tun rasuwar mijinta, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Saudatu ta so ɓoye mata, amma bangon gidajen haya ba ya riƙe magana. Tun daga ranar tsohuwar ta daina karɓar abinci, sai dai ta kama hannun 'yarta da hannunta mai lafiya ta riƙa shafawa.

"Na san abin da na haifa," take cewa da harshen da ya karye. "Ko duniya ta taru... na sani. Ki yi haƙuri, 'yar nan, Allah ba ya barci."

"Ummi, ki ci ko loma ɗaya, don Allah. In kika tafi wa zai tsaya mini?"

Ba ta ci ba. Saura kwana huɗu a yi zaman, bayan sallar asuba, Umma Jamilatu ta cika, hannunta cikin na 'yarta. Wayyo duniya! Matar da ta ciyar da rabin Karantina a zamanin da take da ƙarfi, mata uku ne kacal suka zo wankanta, sauran sun ce ba sa shiga gidan ɓarayi. Saudatu ta zauna zaman makoki ita kaɗai a kan tabarma, da butar shayin da ta dafa wa masu gaisuwa har ta huce.

Ranar zaman, an kama wani babban zaure a bayan gari. Sarki Usuman yana gefe guda da mutanensa, Shaikh Hamad da dattawansa a ɗaya gefen, ko gaisawa ba su yi ba, kowa yana jira a gama da yarinyar a koma kan wanda zai karɓi Jidda. Sarki ya sha ado, kansa ɗauke da sabon farin rawani mai tsawo, jelarsa ta sauko har ƙirji. Baffa Mazen yana zaune dab da ƙafarsa, yana murmushin wanda ya riga ya ji ƙamshin sarauta. Saudatu kuwa tana tsugune a tsakiya cikin baƙar abaya, idanunta sun ƙafe, ba sauran hawaye.

Don a tabbatar da laifi, Mazen da kansa ya aika mota Madina aka ɗauko masu akwatunan da aka fasa. Cikinsu akwai Hajja Zubaidatu, tsohuwa tukuf mai dogara sanda, wadda ta ƙetaro teku daga Sudan tun tana budurwa. Aka ce ta matso ta faɗa wa sarki abin da aka sace mata. Ta tako a hankali har gabansa, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tsaya. Ta ƙura wa ƙirjinsa ido. Ta miƙa hannu ta kama jelar rawanin, abin da ba wanda ya taɓa yi, ta kai hancinta.

"Ranka ya daɗe... wa ya naɗa maka likkafanina?"

Wani ya ce tsufa ne, a janye ta. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ba ruɗewa na yi ba! Ku duba bakinsa, ɗigon lalle uku ne da ƙullin baƙin zare, da hannuna na yi. Shekarar da na fara hajji na saya, na wanke shi da zamzam, na shanya a Makka, na naɗe da kafur na ajiye don ranar tafiyata, kamar yadda uwata ta yi da nata. Shi ne abin da ke cikin akwatina, shi na zo nema!"

Sarki Usuman ya juya jelar rawanin. Ɗigo uku na lalle, ga ƙullin zare. Ya shiga warware rawanin da hannu biyu yana salati, har hularsa ta faɗi, ya tsaya kai a buɗe a gaban jama'a. Kwana uku yana yawo da likkafani a ka, yana yaba ƙamshinsa! Ya juyo a hankali ya dubi wanda ke zaune a ƙafarsa.

"Mazen. Kai ka kawo mini wannan har gida. Ka ce daga Misira ka yi odarsa."

Duk tsohuwar da ke zauren ta san abin da farin yadi mai kafur a gindin akwati yake nufi. Mazen kaɗai ne bai sani ba, shi da bai taɓa zama ya saurari tsofaffi ba. Ya ga yadi mai kyau da ba a yanka ba, ya ce ya samu abin neman sarauta. Ya fara rantsuwa da Larabci, ya koma Hausa, harshen ya harɗe. Da Shaikh Hamad ya daka masa tsawa, sai ya fashe da kuka ya faɗi komai: mabuɗi na biyu ya zare daga aljihun yayansa ranar da ake wanke gawarsa, sauran kayan kuma ya kai kasuwar gwanjo. Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da shi, ba wanda ya bi shi ko da kallon tausayi.

Sarki ya taso, kai ba rawani, ya zo ya tsaya a gaban Saudatu. Shaikh Hamad ma ya taso ya tsaya kusa da shi, karo na farko cikin shekaru.

"'Yar Haladu, mun zalunce ki," in ji sarki. "Muna rigimar wa zai riƙe Jidda, muka taka wadda ta riƙe mana ita. Siton nan ba nawa ba ne, ba na majalisa ba ne. Yana hannunki, ni kuma da ƙafata zan je wurin kafilinki gobe."

"Tare za mu je," in ji Shaikh Hamad, kansa a sunkuye.

Sai a lokacin hawayen suka dawo mata, suka zubo kamar an ɓalle famfo. "Na yafe muku, ranku ya daɗe... Amma da kun yi sauri da kwana huɗu kacal, da Ummina ta ji wannan da kunnenta."

Matan da suka ƙi zuwa wankan gawa suka rufe fuskokinsu suna shessheƙa. Hajja Zubaidatu ta tattara farin yadin daga ƙasa, ta karkaɗe shi, ta ninke a tsanake, sannan ta dogara sandarta har inda yarinyar take ta ɗora mata shi a cinya.

"Ki ajiye mini, jikata. Ba akwati, ba kwaɗo, a ɗakinki nake so ya zauna. Ranar da aka kira ki aka ce Zubaidatu ta tafi, ke za ki kawo shi, ke za ki naɗe ni."

Saudatu ta rungume likkafanin a ƙirjinta da hannu biyu, ta ce, "In sha Allahu, Hajja."